Kwamfuta a Ƙofar Coci

"Kunna ta mu gani," in ji Pindar mai gadi, ya tare ƙofar cocin da sandarsa.

Ajimi ya ɗora kwamfutar a kan bencin masu gadi ya buɗe ta. Ta ofishin coci ce. Sakatariyar cocin, Madam Dorothy, ta aika masa ita shagonsa na Gamboru, ya gyara, ta roƙe shi ya kawo mata da kansa Bolori. Shekaru yana yi wa ofishin gyara, Pindar ma ya san shi sarai. Amma tun da aka fara tayar da bama-bamai a gari, babu na'urar da ke shiga sai an ga tana aiki.

Ya danna maɓalli. 'Yar fitila ta kama, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

"Da safe ta tashi lafiya," in ji Ajimi.

"Ba da safe na tambaye ka ba."

Sauran masu gadin suka matso, wani riƙe da gora. Matan da suka zo koyon waƙa suka tsaya daga nesa suna kallo. Ajimi ya kife kwamfutar ya zare batir, ya danne maɓallin ya riƙe na ɗan lokaci, ya mayar da batirin ya sake kunnawa.

Sai ta fara ƙara, tit, tit, tit, ta yi shiru, ta sake.

Matan suka watse, wata ta yar da jakarta. Pindar ya ja da baya, ya ɗaga sanda.

"Me ka sa a ciki?"

"Ba komai, wallahi. Ram ne, wani ɓangaren ƙwaƙwalwarta, ya goce, ƙila girgizar keke napep ce. Bari in buɗe bayanta in mayar da shi."

"Ka buɗe? A nan? Ɗauke ta ka tafi tsakiyar titi. In za ta tashi, ta tashi da kai kaɗai."

Ajimi ya dube shi. Ya so ya ce su ma a Gamboru sun binne nasu, amma ya ga idon mai gorar, ya haɗiye maganar. Ya rungumi kwamfutar ya taka zuwa tsakiyar titi, ya durƙusa a rana. Masu keke suka tsaya can baya, suka ƙi wucewa.

Ya zaro sukudireba daga aljihu. Wani ya ce a jefe shi kafin ya gama, wani ya ce a kira sojoji. Ya kwance murfin, ya zare ɗan siririn koren ram ɗin, ya hure shi, ya goge bakinsa da gefen riga. Gumi ya ɗiga a kan murfin. Ya tura ram ɗin cikin mazauninsa har ya ji ya kama, ya juyo kwamfutar ya danna.

Babu ƙara. Allo ya ɗan jima baƙi, sannan ya yi haske. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya juya ta kowa ya gani.

A lokacin ne Madam Dorothy ta fito da sauri, an je an gaya mata.

"Pindar, wannan ai Malam Ajimi ne."

"Na san sunansa, Mama. Wanda ya kashe yayana ma mun san sunansa."

Ta tsallaka titin ta karɓi kwamfutar. "Yi haƙuri, Malam Ajimi. Shigo ka sha ruwa."

"Kwamfuta na iya shiga," in ji Pindar daga ƙofa. "Shi ban ga cikinsa ba."

Ajimi ya karkaɗe ƙurar gwiwarsa, ya mayar da sukudireban aljihu.

"In ta sake ƙi fa?" Madam Dorothy ta tambaye shi a hankali.

"Ki kawo ta shago, Madam."

Tun bara ba ta taka Gamboru ba, kuma su biyun sun san dalili. Ajimi ya ɗaga wa mai keke hannu. Mutumin ya dube shi, ya dubi masu gadin, ya juya kekensa. Sai Ajimi ya kama hanya da ƙafa.