Manya Na Zaune

Ƙanwata Fuarosa ta bugo mini waya daga Ostireliya, inda take aiki a kamfanin yankan nama, ta ce in kai 'yarta Palepa gasar yara ta gidan talabijin. Ba roƙo ba ne. A Samoa idan 'yar'uwarka mace ta sa ka aiki, digirinka na tarihi ba ya shiga maganar.

"Yaya, ni ba kofi nake so ba," in ji ta. "Muryarta nake son ji. Kullum na kira, daga 'eh' sai 'a'a', sai ta miƙa wa Inna wayar. Kowa yana ba ni labari wai tana kwaikwayon duk mutanen ƙauye, har da aladu. Ni da na haife ta ban taɓa ji ba."

Tun tafiyar uwar, yarinyar tana hannun mahaifiyarmu a tsibirin Savai'i. Shirin kuwa kai tsaye ake watsa shi ranar Asabar da rana, a talabijin da intanet, kuma ba a ajiye shi don a kalla daga baya, wai sai an gyara na'ura. Tun ina da gashi a ka ake gyaran na'urar nan. Don haka Fuarosa ta yi musayar hutun cin abinci da wata abokiyar aikinta, ya zo daidai da fitowar Palepa. Hutun na ƙarewa, waya za ta koma jaka, ita kuma ta koma kan wuƙa.

Na je na ɗauko yarinyar a jirgin ruwan safe. Har muka iso Apia, babban birni, ba ta ce mini komai ba sai "na gode, Kawu", shi ma fanke na saya mata.

Mai kula da shirin, Leata, tsohuwar ɗalibata ce. A aji ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba, yanzu ita ce mai tsawata wa jama'a a kan lokaci. Ta nuna wa Palepa wata alama da aka liƙa a tsakiyar dandamali.

"Nan za ki tsaya, 'yammata. Kyamara nan take kallo, makirfo ma nan yake. Iskar teku ta sa ƙarfensa ya yi tsatsa, ba ya sauka, ba ya hawa. Kin gane?"

Palepa ta gyaɗa kai. Lokacin kujerun alƙalai ba kowa a kansu.

Aka fara. Wani yaro ya yi rawar wuƙar wuta ba wuta, don an hana kunna ta a cikin ɗakin. Wasu tagwaye suka yi waƙar coci, kowacce da inda ta nufa. Sannan aka kira Palepa.

Ta fito da fure a kunne, ta doshi alamar, ta ɗaga ido. A gabanta ga alƙalai uku a zaune: wata tsohuwar sarauniyar kyau, da wani mai sarauta, da Fasto Elekana da farin kwat ɗinsa. Sai ta rusuna, ta zauna a ƙasa, ta naɗe ƙafafu, ta ja zanenta ta rufe gwiwa. Haka Inna ta koya mana duka. Yaro ba ya magana a tsaye alhali manya na zaune.

Na dubi allon da ke gefen dandamali. Abin da ƙasa baki ɗaya take gani, har da ƙanwata a can, labule ne shuɗi da makirfo.

"Malam!" Leata ta damƙi hannun rigata. "Ce mata ta tashi!"

Na leƙa ta bayan labule. "Palepa, tashi mana. An yarda."

Ba ta ko juyo ba. "Kawu, manya na zaune."

"Talabijin ce, babu laifi."

"Kaka tana kallo."

Nan ta ɗaure ni. Ni ma da furfurar gemuna, da zan tuna Inna tana kallo, da na nemi wuri na zauna.

Mai gabatarwa ya shiga cike gurbi da barkwanci, ya ce wannan baiwar ɓacewa ce. Mutane suka yi dariya, yarinyar ta ƙara sunkuyar da kai. Wayata ta yi ta rawa a aljihu, ban duba ba, na san mai kira. Leata ta ɗaga hannu za ta sa a tafi talla a shigo da na gaba.

Sai kujera ta yi ƙara. Fasto Elekana ne yake ƙoƙarin miƙewa. Ciwon gwiwarsa ya fi wa'azinsa suna a garin nan, har huɗuba a zaune yake yinta yanzu. Ya dafa tebur, ya yi nishi, ya tsaya.

"To, jikata," ya ce, "ga ni a tsaye. Ki taimaka ki yi sauri, ba ni da wata gwiwar a ajiye."

Fasto ba zai tsaya mai sarauta yana zaune ba, sai shi ma ya tashi. Sarauniyar kyau ta lalubo takalmanta a ƙarƙashin tebur ta bi su. 'Yan kallo suka ga manya a tsaye, suka miƙe layi bayan layi, kamar za a yi taken ƙasa. Palepa ta duba dama, ta duba hagu, ta tabbatar ba a bar ko tsohuwa ɗaya a kujera ba. Sannan ta tashi, fuskarta ta cika allo.

Ta fara da hon ɗin jirgin ruwa. Ta yi alade ya ji ƙarar bokiti. Ta yi direban bas ɗin ƙauyenmu yana rantsuwa cewa akwai sauran wuri. Ta yi Inna tana faɗa da kaji da sunayensu. Daga nan ta kama ƙugu, ta karkata kai, wata murya ta fito wadda na sani tun tana cikin zanen goyo.

"Palepa! Wa ya bar tukunyar nan a waje? Ni baiwarku ce? Zo nan. Zo mana, ba dukan ki zan yi ba. Dubi kanki kamar sheƙar tsuntsu, kawo matajin."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, muryar Fuarosa ce sak.

Yaron wuƙa ne ya ci kofin. Muna fitowa baranda wayar ta sake rawa. Na miƙa wa Palepa, muryar Fuarosa tana fitowa har inda nake, a dishe.

"Ke! Ni haka nake magana?"

Har na fara shirin karɓar wayata, sai Palepa ta amsa.

"Ai ragewa na yi, Mama, saboda Fasto."

"Ja'ira! To yi mini Kawunki, kafin a kira mu ciki."

Ta dube ni, ta gyara tabarau ɗin da ba ta da shi, ta yi gyaran murya irin ta mutumin da yake ganin duniya ta ba shi kunya. Na matsa can ƙarshen baranda na ba su wuri. Ko daga can ina jin muryata sarai a bakinta.