Hayaƙin Gidan Yaya Bintu

A wurin da muke turara shinkafa, bayan garin Hadejia kan hanyar da ta gangara fadama, kowace mace da duronta a kan murhu. Na kusa da nawa na Yaya Bintu ne. Tun kafin a rufa wa wurin kwano muke aiki tare. Kakanninta daga Barno suka zo, kuma ta gaji taurin kansu kaf, ba ta bar wa kowa ba.

Bara al'adarta ta ɗauke. Da bazarar bana ta shigo, abin ya tasar mata gadan-gadan. Tana tsaye sai zafi ya taso mata daga ƙirji ya haye wuya, zufa ta jiƙe mata riga sharkaf, idonta ya rufe. Ni na riga ta wucewa ta wannan hanyar, don haka ba sai an gaya mini ba. Amma ni lokacin nawa tsintar tsakuwa nake yi a inuwa. Ita kuwa a kan bulo take tsayawa, tana juye shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, cikin duron da ke tafasa, da tsakar rana.

Abin haushin shi ne akwai mafita. Manajanmu, Abdulfattah, ya je wani taro a Dutse ya dawo da tsari. Ya tara mu ya ce duk macen da jikinta ya sauya saboda shekaru tana iya komawa aikin sassafe, daga bayan asuba zuwa hantsi, ko ta bar bakin wuta ta koma shanya. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ta zo da kanta ta faɗa masa dalili, don kada kowa ya ce son kai ake yi. Mata da dama sun je, sun sunkuyar da kai sun faɗa, an sauya musu.

To Abdulfattah mijin Mardiyya ne, 'yar Yaya Bintu ta fari. Ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Sunansa ba ya fita daga bakinta, sai dai ta ce "mijin yarinyar nan". In ya shigo ta wannan ƙofa, ita ta ja mayafi ta juya wa ƙofar baya. Wannan matar ce za ta tsaya gabansa ta yi maganar jini? Shi kuma gogan naku yana tsoron a ce ya fifita surukarsa, sai ya zuba ido yana jiran ta zo.

Na ce mata, "Yaya, bari ni in je in faɗa masa."

Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Maijidda, ranar da ya ji wannan magana daga bakinki, ranar na bar wurin nan. Kin dai san ni."

Na san ta kuwa. Na koma aiki da ido ɗaya a kan durona, ɗaya a kan ƙafafunta.

Shinkafar rani ta fara shigowa daga Kafin Hausa da ƙauyukan bakin kogi, buhu kan buhu. Ba a kashe wuta. Kogi ya ja baya ya bar ciyawar kachala tsaye cikin taɓo, iska ko ta motsa ganye babu. Kullum da azahar sai in ga ta tsaya cak da kwando a hannu, ta lumshe ido, leɓenta na motsi. Sai ta buɗe ido ta ci gaba. Kullum tsayuwar tana ƙara tsawo.

Ranar wata Laraba ta hau bulo, ta ɗaga kwando, tururi ya bugi fuskarta. Na ga gwiwarta ta lanƙwashe. Ta tafi gaba, kanta ya nufi bakin duro. Ban san lokacin da na cafki zaninta ta baya ba, muka zube tare a kan buntun shinkafar da muke hura wuta da shi. Tafin hannunta ya riga ya dafa ƙarfen, fatar ta saluɓe. Ta tashi zaune ta gyara ɗankwali, abin da ta fara tambaya shi ne ko mijin yarinyar nan ya gani.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na bar ta ana shafa mata magani, na wuce ofis kai tsaye, na faɗa wa Abdulfattah komai ban rage ba. Ya kasa ɗago kai. Ya ce, "Baba Maijidda, na gode." Na ce ya riƙe godiyarsa, ya san dabarar da zai yi kada ta gane.

Bai iya ba. Yaron kirki ne, amma bai iya ba. Washegari ta zo da hannu a ɗaure. Ya tako har bakin murhu, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, daga gobe ki riƙa zuwa da sassafe. Saboda yanayin jiki."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "To." Ta ɗauki mayafinta da kwandonta ta fita.

Har gobe in aka maimaita zan faɗa, ba na nadama. Sai dai ga inda muke: tun ranar ba ta sake taka wurin aikinmu ba. Ta sayi tsohon duro ta kafa a tsakar gidanta, 'yan kasuwa na kai mata shanshera. Da yake duro ɗaya ne, ba ta sauke wuta tun safe sai la'asar sakaliya. Mijinta ya rasu, Mardiyya na gidan aure. Ba kowa a bayanta. Na je na yi sallama ya fi a ƙirga, ta cikin gida take amsawa cewa tana aiki.

Daga bakin murhuna ana hango katangarta. Yanzu idon da nake sa wa ƙafafunta, hayaƙinta nake sa wa. Muddin yana tashi, tana tsaye tana tura buntu a wuta.

Yau tun kafin kiran azahar ya fara sirancewa. Na ce ƙila ta shiga alwala. Aka yi salla aka fito, na sake dubawa. Sama tas a kan gidan. Na ajiye kwando, ko takalmi ban tsaya nema ba.