Bajamushiya a Kujerar Aniello

Washegarin da aka binne Aniello ba a kunna wuta a gidansa ba, don a lungunsu na Napoli, can Italiya, gidan makoki ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ne ke kawo abinci. Da yake kowace mace tana so a yabi hannunta, sai teburin Titina, matar mamacin, ya cika maƙil da taliya, romon kaza, soyayyen yalo da burodi. Gidan ɗaki ɗaya ne a bakin hanya, ƙofa a wangale, kujerun 'yan gaisuwa har waje.

Da rana tsaka wata doguwar budurwa mai jaka a baya ta tsaya a ƙofar, rana ta gasa mata hanci ya yi jajir. Ta yi murmushi, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta wuce kai tsaye ta zauna a kujerar da kowa ke kauce wa, kujerar marigayi.

Kowa ya zuba mata ido. Fortuna, yayar Aniello, wadda ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ya wuce ba, ta matso kunnen Titina.

"Bajamushiya ce. Dubi takalman, babu 'yar mutunci a garin nan da za ta sa su."

Titina ta sake duban baƙuwar. Aniello ya yi shekaru yana aikin ƙera motoci a Jamus, kuma tun dawowarsa Titina ke rantsuwa ya bar mace a can, shi kuwa yana musantawa. Da zargin suka yi karin kumallo, da shi suka tsufa, Allah kuwa bai ba su haihuwa ba.

"Yaya, kin ga yatsan da ta ɗaga?"

"Na gani. Ita kaɗai ya haifa, abin da take nufi ke nan. Ga kuma haɓar gidanmu."

Titina ta ƙura wa haɓar ido. Haɓa ce irin ta kowa, amma tana daɗa kallo tana daɗa zama ta Aniello. Ta jira fushi ya taso mata, shiru. Sai ta tsinci kanta tana zuba taliya.

"Ci, 'yar nan. Dubi wuyanki, ba sa ba ku abinci a can ne?"

Baƙuwar ta ci, aka ƙara mata, ta cinye. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon hoton Aniello a bango, ta ɗauke shi a wayarta. Da ta kai ga yalon, wanda ya sha barkono, idanunta suka kawo ruwa, nan take mata uku suka fashe da kuka. Titina ta share mata fuska da gefen baƙar rigarta. A ranta har ta matsar da kabad ta sa ƙaramin gado a wurin, har ta zaɓi ranar da za ta kai ta maƙabarta. Daɗi take ji, kuma tana jin kunyar daɗin.

Ana haka Catello ya shigo, tsohon abokin Aniello da suka yi zaman Jamus tare. Fortuna ta janyo shi ta hannun riga.

"Kai munafuki, ka sani ka yi shiru. Tambaye ta sunan uwarta."

Catello ya yi wa baƙuwar magana da guntun Jamusancinsa, ita ko ta yi ta zuba, tana nuna tebur, tana nuna titi. Ya sosa ƙeya.

"Uwargida Titina, ta ce jiya ta sauka, yawon buɗe ido ta zo. Ta ga coci-coci har wuyanta ya ƙage, babura sun kusa kashe ta, shara ta yi yawa, amma garin ya shiga ranta. Ta ce ba ta taɓa shiga gidan abinci irin wannan ba, ba a tambayar mutum abin da yake so, ma'aikata duk cikin baƙaƙen kaya, har da share wa mutum hawaye. Yatsan da ta ɗaga ma, wurin zaman mutum ɗaya ta nema."

"Hoton fa?" in ji Fortuna.

"Ta ɗauka shi ya kafa wurin. Ubanta na nan da ransa, likitan haƙori ne."

Wani ya yi tari a waje. Fortuna ta sake duban haɓar, ta ce dama ita tun farko ba ta gamsu ba.

Titina ta dubi hoton mijinta. Ashe gaskiya yake faɗa duk shekarun nan, kuma ba ta taɓa jin haushinsa kamar yau ba.

"In gaya mata inda ta shigo?" Catello ya tambaya.

Baƙuwar tana goge farantin da burodi, tana yi wa kowa murmushi. Titina ta gyara mata wuyan riga.

"A'a," ta ce. "Ka ce mata gobe ma muna buɗewa."