Ƙofar da Baba Ya Hana a Rufe

Baba dillalin dabbobi ne, kuma a gida ma da idon kasuwa yake kallonmu. Yaya shi ne Taure, dandaƙaƙƙen bunsuru, don ya fi kowa ci da barci. Ƙanwarmu Sagara, wai kaza ce da ba ta fara ƙwai ba amma ta iya kyarkyara. Ni ce Burguma, budurwar akuya, mai tsinke igiya. Na tsani sunan nan, sai dai ban ƙaryata shi ba. Ina samun aiki a nesa na tafi, na yi ta cewa zan zo har furfura ta fito mini.

Da Baba ya rikice ne Yaya ya kira ni.

"Ba ya gane kowa. Ki zo ko ke zai gane."

Na same shi a gidan Yaya, hawa na uku, a kujerar roba yana fuskantar ƙofa. An tokare ta da takalminsa.

"Haka muke fama," in ji Yaya. "In an rufe sai rigima. Wai akuyarsa ta ɓata. Mu da ko mage ba mu ajiye ba."

Ya fita aiki, ya bar mu da ƙarar firji. Na durƙusa na gaida Baba. A duniya babu sauran mai kirana Burguma sai shi, kuma sunan na zo ji.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce. "Da kike hawowa, ba ki ga wata 'yar burguma ba?"

"Wace iri, Baba?"

"Ƙarama, mai taurin kai. Ba ɓata ta yi ba, ta san gida. Kunya ce ta hana ta shigowa. In ta tarar da ƙofa a rufe, wucewa za ta yi."

Na kama hannunsa. "Baba, ni ce. Na dawo."

Ya dube ni sama da ƙasa, irin duban da yake yi wa dabba kafin ya yi tayi. Har haƙorana ya leƙa.

"A'a," ya ce a hankali, kamar mai ba ni haƙuri. "Ke kin kwana biyu. Tawa ko haihuwar fari ba ta yi ba."

Iska ta turo ƙofar. Na tashi na gyara takalmin, na jawo kujera kusa da shi, muka ci gaba da jiranta.