Hukuncin Awaki a Kan Waken Zayyanu

Jiya da dare Zayyanu ya yi wani mafarki, kuma a cikinsa Majalisar Jami'a ta yanke hukunci cewa tukunyar wakensa ba tasa ba ce. Awaki ne 'yan majalisar, kuma babu wadda ta ja da hukuncin.

Zayyanu Haladu ɗan aji ɗaya ne, mutumin Gummi. Waken shi ne ƙarshen guzurin da Innarsa ta haɗo masa, kuma da shi zai lallaɓa har a gama jarrabawa. Sauran guzurin, tayi ne ya cinye shi. A gidansu, in ka ce wa mutum bismillah, sai ya ce alhamdu lillahi ya wuce. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, in ka ce bismillah, sai mutum ya zaro cokali daga aljihu.

Mafarkin ya fara ne a ɗakinsu. Gadaje suna manne a silin. Zayyanu yana sauke tukunya daga kan risho sai Tasi'u, ɗan aji uku da ke kwana a saman gadonsa, ya leƙo da kai ƙasa kamar jemage. Yatsunsa goma duk cokula ne.

"Sabon shiga, sannu da aiki," in ji Tasi'u. "Ni fa ba yunwa nake ji ba. Tarbiyyarka nake so in gwada."

Zayyanu ya ji bakinsa yana buɗewa da kansa zai yi tayi. Ya toshe shi da hula, ya rungumi tukunya, ya fita.

A waje ana ruwa, daga ƙasa zuwa sama. Ɗalibai sun taka lema suna tafiya a kai. Ya tsuguna a bayan ɗakin karatu inda babu kowa, ya ɗaga murfi, nan take mutum uku suka tsiro daga ƙasa da hannayensu a wanke.

"A'a, abinci ake ci?"

Ya mayar da murfi. Suka koma cikin ƙasa suna tsaki.

Sai ga shi a Ofishin Harkokin Ɗalibai. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bayan tebur, yana tauna fayil ɗin wani ɗalibi a tsanake.

"Ranka ya daɗe, izini nake nema," in ji Zayyanu. "In ci abincina ni kaɗai, sau ɗaya."

"Muna bayarwa," in ji bunsurun. "Amma sai ga wanda ya ƙoshi."

"In na ƙoshi me zan yi da izini?"

"Shi ya sa ba mu taɓa samun cunkoso ba." Ya sauke tabarau, ya dubi tukunyar. "Yaro, ka shigo ofishin babba da abinci, ƙamshi ya cika wuri, ko tayi babu. Ɗan gidan waye kai?"

Nan abin ya sosa masa rai. Ya so ya ce wata biyu ke nan rabonsa da ya ci sau biyu a rana. Ya so ya ce ƙuli-ƙulinsa ya ƙare a cikin mutanen da ba su san sunansa ba. Hular ce kawai ta faɗo daga bakinsa, bunsurun ya cinye ta.

Sai ga shi a zauren majalisa. Awaki sanye da rigunan digiri sun cika kujeru. Wata tsohuwar akuya ce shugaba. Aka ɗora tukunya a tsakiyar tebur, aka kira mai shaida.

Innarsa ce ta shigo, da muciya a hannu.

"Baiwar Allah," in ji shugaba, "ke kika koya masa cin abinci a ɓoye?"

"Allah ya kiyaye! Ni ban haifi marowaci ba." Ta juyo ta ƙare masa kallo. "Kai Zayyanu, me ya ramar da kai haka? Ba ka cin abin da na aiko maka?"

"Inna, tayi nake yi, kamar yadda kika ce."

"Madalla. Kar ka fasa. Kuma ka riƙa ci kana ƙoshi."

"Inna, biyun ba sa haɗuwa a tukunya ɗaya!"

"Kar ka ɗaga mini murya a gaban manya," in ji ta. Ruwa ya ɗauke ta ya yi sama da ita ta taga.

Shugaba ta karanta hukunci. Waken na duk wanda ya ji ƙamshinsa ne. Ɗalibi zai riƙe murfi, da tururin da ya maƙale a jiki. Wanke tukunya ma nasa ne, saboda a koya masa dogaro da kai.

Zayyanu ya hau kan tebur da takalminsa.

"Ba zan yi tayi ba!" ya ce. "Wanda ya ɗauko itace shi zai ji ɗumi. Ku kira ni marowaci, ku rubuta a allo, ku aika Gummi a yi shela a kasuwa. Yau kam ni zan ci!"

Wata akuya ta suma. Ya fizgi tukunya, ya zuba hannu, ya damƙo wake mai zafi. Hannun ya kama hanyar baki, amma bakin ya riga shi.

"Bismillah," in ji bakin.

Awakin suka miƙe gaba ɗaya.

Ƙarar cokali a gindin tukunyar wakensa ce ta tashe shi. Gari ya waye, fuskarsa tana kallon bango, jarrabawar farko tana jiransa da hantsi. A bayansa wani yana kankarar ƙanzo a hankali, don kada ya tashi mai barci.

A gidansu ba a kama mutum da loma a baki, ba a kunyata mai ci. Zayyanu ya damƙe bakin bargo. Bai juya ba. Bai san ko wane ne ba, bai kuma san abin da ya rage ba.