Buhun da Aka Cire a Lambun Kawu

Da ƙyar Kawu ya yarda. Malama, 'yar ƙanwarsa mai koyar da labarin ƙasa, ta yi ta naci a bar ɗalibanta su zo lambunsa su ga noman rani da idonsu.

"Ke dai ki kula," in ji shi ranar da suka zo. "Irin albasar nan da ya tsiro, shi ke nan gare ni bana. Ko ƙwaya babu a ɗaki."

Ya bar su ya tafi gyaran fartanya.

Aikin da Malama ta ba yaran ai ba wuya: a jefa murfin gora a magudanar ruwa, a auna saurin tafiyarsa. To, murfin ya yi ta maƙalewa jikin wani tsohon buhun yashi. Monitar ajin, yarinya mai son a ce ta iya, ta kira ƙawayenta suka ciccibe shi suka yar, ya fashe.

"Malama, mun cire sharar, yanzu zai tafi sumul."

Buhun nan kuwa shi ne ƙofar ruwan. Kafin Malama ta juyo, ruwa ya karya kwana ya afka fangalin irin. Ta kwasa a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a laka. Ta tara taɓo ta toshe, ruwa ya kwashe. Ta sake, ya sake. Ta cire mayafinta ta cika da ƙasa ta danna, ya ɓulle ta gefe. Sai kawai ta zauna daɓas a bakin ramin, ta tare da bayanta.

"Ku kawo ƙasa. Da hannu, da jaka, da komai."

"Malama, mu rubuta wannan ma?" wata ta tambaya.

"Rubuta a goshinki. Kawo ƙasa."

Ruwa ya tsaya, amma rabin irin na yawo a sama kamar zare. A haka Kawu ya same su. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ta ji sauƙi. Ya tsuguna yana tsintar su ɗaya-ɗaya, yana duba saiwa. Direban motar da ta kawo su na ta danna oda a bakin titi, Malama ko waiwaye ba ta yi ba. Ta durƙusa kusa da shi, yaran ma suka durƙusa, aka shiga mayar da su ƙasa.

"Kawu, za su kama?"

Ya miƙo mata wani damƙin irin.

"Dasa dai, 'yar nan."