Canjin da Baƙo Ya Bari

Zuhura ba ta ma ajiye farantin ba, Halliru ya damƙi wuyan rigar baƙon ya gwara masa kai da ginshiƙin rumfa. Ƙarar ta fito kamar an fasa ƙwarya.

Halliru ɗan kabu-kabu ne, shi zai aure ta bayan girbi, kuma tuwo kawai ya zo ci. Baƙon kuwa wani Abdulaziz ne daga Abuja, ya tsaya a rumfar abincin Inna Hawwa, uwar Zuhura, kafin ya ƙetara iyaka zuwa Konni. Da ya gama ci, ya danƙa wa Zuhura canjinsa a hannu ya ce ta riƙe, har da murmushi. Can inda ya fito, haka ake yi wa mai kawo abinci. A Illela kuwa, namiji ya sa wa budurwa kuɗi a tafin hannu gaban jama'a, sunansa toshi, ko ɗan yaye ya sani.

"Mi yab ba ki?" Halliru ya daka mata tsawa. "Gabana za ya yi miki toshi?"

"Wallahi ladan wahalarta ne," in ji baƙon, jini na bin gemunsa. "Tun da na zauna take kai da kawo."

"Ashe kallonta kaka yi!"

Halliru ya suri benci ya rafka masa a haƙarƙari. 'Yan kabu-kabun tasha suka yo caa, ba wanda ya tambayi mafari. Wannan ya kai ƙafa, wancan ya kai sarƙar babur. Tukunyar miya ta kife, haƙori ya faɗo cikin yashi.

Tsoro ya kama Zuhura, sannan baƙin ciki ya danne tsoron. Tun tana yarinya take ɗaukar kwanuka a rumfar nan, ba wanda ya taɓa lura da gajiyarta, yau wanda ya lura ake tattakawa. Ta zaro muciya daga tukunyar tuwo, da zafinta, ta sheme Halliru a hannu har bencin ya faɗi.

Nan kowa ya ja da baya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka doki baƙon ne ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, bai kuwa manta da karɓar kuɗin haya ba.

Bayan la'asar kawun Halliru, Malam Maccido, ya zo har gida, ya gyara zama a tabarma, fuska cike da albishir.

"Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Mun yi mai magana. Kuɗɗin da kika amsa da dukan da kika yi mai, duka ya yahe miki. Aure na nan."

Inna Hawwa ta shiga zuba godiya. Zuhura ta bari ta gama, sannan ta durƙusa kamar yadda ya dace.

"Na gode, Kawu. Ka ce mai ni ban yahe ba. Shi aiko a kwashe kayanai na aure."